Ƙafa Ɗaya a Likkafa

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Na Inna ya daɗe yana gaya mata, ita ce ta toshe kunne, har ya daina gaya mata a asirce ya koma faɗa a gaban mutane: in ta sunkuya ba ta miƙewa sai ta dafa bango, in ta zauna ba ta tashi sai ta ambaci sunan Allah.

Mijinta shi ne Mai Fenti. Duk wanda ya taɓa bin babbar mota a baya, ya ga ingarman doki a jikin ƙyaurenta ya ɗaga ƙafafun gaba kamar zai tattake ƙaramar motar da ke biye, to da wuya in ba hannunsa ba ne. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi, a wata rumfa bayan garejin manyan motoci. Yakan zana zaki, yakan zana gaggafa, yakan rubuta wa direbobi habaicin da suke so su yi wa abokan hamayya, amma doki shi ne abincinsa. Ran nan da hantsi yana kan tsani da burushi a hannu, ciwo ya zo masa ba sallama. Ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗauke masa baki, ya bar masa kalma ɗaya tak: "To."

Wanda bai san "to" ba sai ya ce an bar masa abin arziki. Ai "to" ba magana ba ce, tabarma ce, kowa ya zo sai ya baje abin da ya ga dama a kanta. A ce masa, "Malam, za ka sha ruwa?" To. "Ko a bari sai an jima?" To. In yana jin zafi, to. In ya ji daɗi, to. Kansa kuma ba ya taimako, don rawa yake yi, ba ka sanin gyaɗawa ce ko girgizawa.

Sauran duk ya hau kan Inna. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita ke kai fo ta zubar ta wanke, ita ke ba shi abinci da cokali tana share abin da ya zubo ta gefen bakin da ya mutu. An taɓa ɗauko wani bawan Allah ya riƙa taya ta. Ta tsaya a kansa, ba haka ake riƙe shi ba, ba haka ake goge shi ba, kawo nan ka gani, har mutumin ya ɗauki takalminsa bai ƙara waiwayo ba.

Da ciwon baya ya kai ta ga likita, ya duba hoton ƙashinta ya ce, "Daga yau kada ki ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. In ba haka ba, nan gaba kaɗan ku biyu za a riƙa juyawa."

Ta ce masa to. Irin ta mijinta.

'Ya'ya biyu suka rage musu. Babban, wanda duk gidan ke kira Yaya, aikin ofis yake a wani gari mai nisa, gidansa kusa da babban asibiti. Shi ya ce a ba shi Baba ya tafi da shi, ya riga ya sami ma'aikacin jinya da zai riƙa kula da shi. Inna kuwa ta koma wurin Auta a yi mata maganin baya, don kowa ya san in ta bi mijinta ba za ta bar hannun wani ya taɓa shi ba, an gudu ba a tsira ba ke nan. Auta, malamar makaranta ce, mai bakin da ba ya jiran a gama magana, ta ce ba ta yarda ba. Ba a cire tsoho daga ɗakinsa. Ba a raba shi da matarsa. Kewa ta fi ciwon saurin kisa. Suka yi ta ja a waya, Inna na sa wayar a kan murya mai ƙarfi don hannuwanta ba su da sarari, Mai Fenti na kwance yana ji.

A cikin kwanakin nan ne ya yi zanen. Dama Auta ta kwaso masa sauran gwangwanayen fentinsa daga rumfa, don an ce ya riƙa motsa hannun hagu. Da farko ɓarna kawai yake yi. Sai ran nan ya yi ta nuna wani tsohon ƙyauren kabad da ke jingine a bayan ƙofa, har Inna ta gane, ta goge masa ta ɗora a kan cinyarsa ta tokare da matashi. Kullum in ta gama yi masa wanka sai ya duƙufa. Ita ba ta taɓa tsayawa ta duba ba. Abin da ta sani game da zanen nan shi ne fentin da yake zuba a zanen gado, wanda ba ya fita sai da kananzir, kananzir kuma ya tsattsage mata hannu. Da ya gama, ya ture burushin ya faɗi ƙasa, ta ɗauke katakon ta jingine a jikin bango, ta tafi ta ɗora ruwa.

Ranar da Yaya ya iso da mota, Auta ta riga shi zuwa. Can kuma sai ga Baffa, ƙanin Mai Fenti, tsohon direban babbar mota da ido ya hana tuƙi amma bai hana surutu ba.

"Matarmu," in ji shi tun daga ƙofa, "yau kuma wa ya ci miki bashi? Kin haɗa rai kamar hadarin da ya rasa inda zai zuba."

"Ka shigo ko ka tsaya nan ka tare mana iska, Sarkin Surutu. Ka cire takalmin nan, yanzu na yi shara."

Suka haɗu a ɗakin. Ɗaki ne ƙarami, gado ya cinye rabinsa, sai warin man shafawa da na fenti. Yaya ya zauna a kujera, Auta a bakin gado, Baffa ya baje a ƙasa. Inna ta tsaya ta jingina da ƙyaure, don zama ya fi tsayuwa yi mata ciwo.

Yaya ya gyara murya ya ce, "Baba, na zo in tafi da kai gidana. Ka yarda?"

"To."

"Kun dai ji."

Auta ta kama hannun uban. "Baba, ko ka fi son ka zauna a ɗakinka tare da Inna?"

"To."

"Kai ma ka ji."

Baffa ya kwashe da dariya. "Yayana dai bai taɓa ɓata wa mai ciniki rai ba. Haka yake yi wa direbobi, kowa ya zo ya ce to, sannan ya zana abin da ya ga dama."

Nan Auta ta miƙe ta ɗauko ƙyauren kabad ɗin, ta jingine shi a kan akwati inda kowa zai gani. "Tunda baki ya ƙi, ga hannu. Wannan ya yi shi ne yana jin duk abin da muke faɗa a waya. Ku duba, ai magana ce."

Mahayi ne a kan hanya. Ba irin wanda Mai Fenti ya saba yi ba, mai ja da kore da ruwan ɗorawa kamar za su yi ihu. Sama launin toka ce, ƙasa launin busasshiyar laka, hanya ta miƙe ba itace ba gida. Dabbar na tsaye cik, kai a sunkuye. Mahayin ƙarami ne, ƙafarsa ta hagu a maƙale a gefen sirdi, ta dama kuwa tana sama, ta ƙetare bayan dabbar, ba ta kai ko'ina ba.

Yaya ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ai wannan a fili yake. Hawa yake yi. Mutum ne ya shirya tafiya, ga hanya a gabansa fayau. Baba yana cewa ne a tafi."

"Hawa?" in ji Auta. "Yaya, ka taɓa ganin mai shirin tafiya da irin wannan sama? Dubi launin nan, ko tsuntsu babu. Wannan mutum ne ya gaji da yawo. Sauka yake yi. Yana cewa ku bar ni in sauka a inda nake."

"Ke kin saba gyara littafin yara, komai kika gani sai kin sa masa ma'ana."

"Kai kuma ka zo da man mota cike da tanki, komai ka gani hanya ce."

"Kai, ku saurara," in ji Baffa. Ya ja jiki kusa, ya kanne ido ɗaya. "Ni abin da na gani shi ne, mutumin nan ƙafarsa ɗaya tana cikin likkafa."

Auta ta dafe ƙirji. "Haba Baffa! Wace irin magana ce wannan a gabansa? Yana raye, yana jin ka!"

"Me na ce?"

"Ka ce ƙafarsa ɗaya na cikin likkafani!"

"Likkafa, 'yar boko! Likkafa! Ƙarfen da mahayi ke sa ƙafa. Wa ya yi maganar likkafani? Ku kun yi karatu har kun wuce harshen uwarku."

Yaya ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Kalmar ta riga ta faɗo a tsakiyar ɗaki, kowa ya ji ƙararta, kowa ya yi kamar bai ji ba. Baki in ya san abin da zai faɗa, bai san abin da kunne zai ɗauka ba. Mai Fenti na kallon rufi.

Baffa ya so ya gyara. "Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku ne. Hannun hagu ne. Ƙila so ya yi ya zaunar da mutumin daram, ƙafar ta kufce masa ta yi sama. Ni ma in ka ba ni cokali a hagu, a kunne zan kai." Ya ƙara matsawa, hancinsa ya kusa taɓa katakon. Sai ya yi shiru. Shirun Baffa kuwa abin tsoro ne, don ba a saba da shi ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Kuna ta doki, doki. Wannan ai ba doki ba ne. Goɗiya ce."

"Mene ne bambancin?" in ji Yaya.

"Tambayi matarka in ka koma. Ni dai na yi tuƙi da zanen yayana a bayan mota har gashina ya yi fari, ban taɓa ganin ya zana goɗiya ba. Wane direba zai yarda? Ingarma muke so, da kayansa cif, har mukan ce ya ƙara. Auta, toshe kunnenki. Wannan kuwa duba ƙarƙashin cikin, fes. Hannun hagu yakan karkace layi, amma ba ya mantuwa irin wannan."

Ba wanda ya dubi Inna. Rashin dubanta ɗin ne ya fi duba nauyi.

Yaya ya ce a hankali, ido a ƙasa, "Inna, ke kika san hannunsa. Abin da kika ce zanen nan ya faɗa, shi za a yi. Ni na yarda."

"Ni ma," in ji Auta.

Inna ta ɗago daga jikin ƙyauren ɗakin. Ta tako ta kama katakon. Yaya ya zabura zai karɓa, ta harare shi ya koma. Ta ja shi a ƙasa, ƙiii, har tsakar gida, ta jingine a jikin randa inda rana ta faɗo, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabansa da ƙyar.

Ba yau ta fara ganin mahayi ba. Lokacin suna sabon aure, ba su da ko takarda, a daɓen ɗaki yake koyon hannu da gawayi, ita ke sharewa da safe tana mita. Yakan riƙe mata tsintsiya ya ce, tsaya ki gani tukuna. Mai hawa yakan tattare linzami ya ɗame shi, ya damƙi kan sirdi, idonsa a gaba. Ta ji wannan har ta haddace ba da son ranta ba.

Wannan linzaminsa a sake yake, ya yi lilo har ya kusa taɓa ƙasa. Hannunsa ba a kan sirdi yake ba, a shimfiɗe yake a wuyan goɗiyar. Fuskarsa, 'yar ɗigon fenti ce kawai, amma ba hanya take kallo ba. Sauka yake yi. Auta ta yi daidai a nan.

Amma wanda ya iso gida yakan sauka a ƙofar gida. Ina gidan? Ina turke, ina inuwa, ina wanda ya fito tarya? Babu. Tsakiyar hanya ce, tafiya ba ta ƙare ba. Mutum ba ya sauka a tsakiyar hanya don ya iso. Yakan sauka ne don abin hawan.

Sai ta dubi goɗiyar. Bayan ya lotsa kamar tsohon gado. Haƙarƙari a jere. Ta ɗage ƙafar baya ta hagu, kan kofato kawai ke taɓa ƙasa, yadda Inna ke tsayawa a bakin murhu in ciwon ya sauko mata har cinya. Ita a zatonta ba wanda ya san tana tsayawa haka. A geza, daga gefe ɗaya, ya ja farin layi guda, daidai inda furfura ta fara fito mata, wadda take turawa cikin ɗankwali.

Ta daɗe a zaune. Kaza ta zo ta tsattsagi gefen katakon, ba ta kore ta ba.

Abin da ya dame ta ba fahimtar ba ce. Fahimtar ta zo da sauƙi, sauƙin ne ya ba ta tsoro. Mai jin yunwa in ya dubi gajimare, abinci yake gani. Ta yaya za ta san da ido ta karanta zanen nan ba da baya ba? Ta sha kwanciya bayan azahar tana jin yana motsi, ta rufe ido ta ce bari in ƙirga kaɗan kafin in tashi. Ta sha tsayawa da fo a hannu a bayan gida tana tunanin yadda zai kasance a ce yau ɗaya ba mai kiranta. Yanzu ga katako ya zo yana gaya mata daidai abin da bayanta ke roƙo. In ta faɗa, aka tafi da shi, ya je can ya mutu a hannun baƙo yana cewa to, to, wa zai gaya mata ba ita ta sallame shi ba? In kuma ta ce a bar shi, ta karye a kansa, wa ta yi wa alheri?

Ta dafa randa ta miƙe. Ta koma ɗaki ta ce, "Ku ba ni wuri."

Suka fita.

Ta zauna a bakin gado inda Auta ta tashi. Ta gyara masa wuyan riga, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Malam," ta ce, "ashe haka kake gani na. Duk dawakan duniya ka yi musu ƙiba da sheƙi, ka yi wa direbobi ƙarya a bayan mota har da ƙari. Ni da na zo hannunka sai ka tuna da gaskiya. Haƙarƙari ma sai da ka ƙirga min. Ko ɗan jan fenti ba ka sa min ba, kai da ka ɓata min zanen gado da shi."

Gefen bakinsa mai rai ya motsa kaɗan.

"Kada ka yi min dariya. Tambayarka zan yi. Gani ka yi na gaza?"

Ta jira "to". Ba ta zo ba. Ya datse leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, kamar mai riƙe ƙofa da ƙarfi kada iska ta buɗe. Tun da ciwon nan ya same shi ba a taɓa yi masa tambaya kalmar ta ƙi fitowa ba, don ba shi ke aiko ta ba, ita ke fitowa da kanta. Yau ya tare ta. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Inna ta sa bakin zane ta share masa.

"Ya isa. Sake ta, kada ka ja wa kanka wani ciwon. Sauka kake so ka yi in huta."

"To," in ji shi. Ta fito da numfashi mai tsawo.

Ta san wannan ba hujja ba ce. Da ta juya tambayar, da haka zai amsa. Ba ta juya ba. Ta riƙe waccan da ya ƙi amsawa, ita kaɗai ce maganar da ya yi mata da gangan tun da ya kwanta.

Ta kira su suka shigo.

"Sauka yake yi," ta ce.

Auta ta juya ta dubi yayanta da ido mai cewa ka gani.

"Ki bari in gama. Ba gida ya sauka ba, a hanya ya sauka, don goɗiyar ta kasa. Yayanki zai tafi da shi."

"Inna!" Auta ta miƙe tsaye. "Sauka fa kika ce! Ta yaya sauka za ta zama tafiya? Wallahi ba zanen ne ya faɗi haka ba. Ki dai ce kin gaji da shi kawai!"

"Auta!" in ji Yaya.

"Bar ta." Inna ta dubi 'yarta har sai da ta sauke ido. "Na gaji. Ba da shi ba, amma na gaji. Na gaji tun daga wuya har tafin ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kina zuwa ne ranar da babu makaranta, ki tarar an yi masa wanka an shafa masa mai, ki riƙe masa hannu ki tafi. Ban ce kin yi laifi ba. Amma ubanki yana nan kwance, ba ya iya cewa komai, shi ya riga ku gani. Ni kunya ta hana ni faɗa, shi ya faɗa da hannun da ko cokali ba ya riƙewa da kyau. In na ƙaryata shi yau don mutane su ce Inna jaruma ce, na mayar da shi bango ke nan, mai magana ba a ji."

Auta ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya share maƙogwaro ya ce bari ya je ya duba tayoyin motar, yaran yanzu ba su san iska ba.

Haɗa kayan bai ɗauki lokaci ba, don kayan majinyaci ba su da yawa, sai dai bayani. Inna ta tsare Yaya a tsakar gida. Ba ya son ruwan wanka mai zafi sosai. A fara juya shi ta hagu. In ya ce to yana kallon ƙofa, fo yake so, kada a tsaya tambaya. A ba shi abinci ta gefen da ke da rai, kaɗan kaɗan, a jira ya haɗiye. Kada ma'aikacin nan ya riƙa yi masa magana kamar jariri. A saya masa katako, kada a ba shi takarda, ya raina takarda. Yaya na ta gyaɗa kai, ya ciro waya zai rubuta, ta ce ya mayar da ita aljihu ya saurara da kunnen da Allah ya ba shi.

"In bayana ya yi sauƙi zan zo," ta ce. "Ka gaya wa matarka ta shirya haƙuri."

Da aka zo ɗaukarsa, jikinta ya riga hankalinta, ta sunkuya za ta sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarsa. Baffa ya tare ta da gwiwar hannu.

"Matsa, matarmu. Yau ranar maza ce."

Shi da Yaya suka cicciɓe shi. Ba su iya ba. Ƙafar da ta mutu ta bugi ƙyaure, kansa ya langaɓe baya. Inna ta buɗe baki, ta rufe. Ta bi su a baya da matashi a hannu, ta ga sun kwantar da shi a kujerar baya a karkace, ta tura matashin inda ya kamata, ta ja hannunta. Auta ta fito da idanu jajaye, ta durƙusa a bakin motar ta yi wa uban sallama. Baffa ya shiga gaba, wai zai raka su ya nuna wa yaron yadda ake bin rami da mara lafiya.

Motar ta tashi a hankali. Inna ba ta ɗaga hannu ba, ta tsaya dai har ta sha kwana.

Suka rufe tagogi, suka juye ruwan randa, suka ba maƙwabciya kajin. Auta ta shigar da katakon ɗaki ba ta tambayi kowa ba. Ba su yi wa juna magana ba sai abin da ya zama dole: miƙo makulli, ɗauki jakar. Da la'asar ta tsayar da tasi, ta taimaki uwar ta shiga baya, ta zauna a gefenta tana kallon waje, har yanzu da sauran fushi a wuyanta.

Ba su kai ƙarshen layin ba ta ji nauyi a kafaɗarta. Inna ce, kai ya faɗo, ɗankwali ya zame, baki a buɗe, tana jan numfashi irin na wanda aka tsamo daga rijiya. Auta ba ta taɓa ganin uwarta tana barci da rana ba.

Direban ya kai hannu zai kunna rediyo.

"Malam, don Allah bar shi," in ji Auta ƙasa ƙasa. "Kuma ka bi ramukan nan a hankali. Ba sauri muke ba."